Sunan Wa Ya Cancanci Wuyan Riga?

Akwai wani ɗan ƙyalle da faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, wanda ake maƙalawa daga cikin wuyan riga, a rubuta sunan gidan da ta fito. Ba ya ƙara wa mai sanye da rigar ado, hasali ma wani lokaci ƙaiƙayi yake sa wa ƙeya har sai an sa reza an ɓalle shi. Amma a makarantun koyon zane da ɗinkin tufafi da suka yawaita a Abuja, tun daga Wuse da Garki har zuwa Gwarinpa, babu abin da ɗalibi yake mafarki kamar wannan ɗan ƙyalle. Tun ɗaliba ba ta iya daidaita hannun riga da kafaɗa ba, ta riga ta zaɓi sunan da za ta raɗa wa shagonta, an zana mata tambari, ta kuma buɗe shafi a Instagram. A kan wannan ƙyalle muke son mu yi tsokaci, domin kuwa ƙanƙantarsa ta ɓoye wata tambaya mai nauyi, watau idan hannu goma suka taru a kan riga ɗaya, da wane haƙƙi mutum guda zai ɗinka sunansa a wuyanta?

Kafin mu shiga tambayar, ya kyautu mai karatu ya san irin rayuwar da ake yi a waɗannan makarantu, don kada ya ɗauka wasan 'ya'yan masu kuɗi ne kurum. Gaskiya ne akwai wadda direba yake saukewa daga Maitama ko Asokoro. Sai dai a benci ɗaya da ita akwai wadda ta fito daga Kubwa ko Lugbe, da wanda ya baro Mararaba tun da asuba don ya tsere wa cunkoson hanyar Nyanya. Akwai masu digiri da suka gama bautar ƙasa suka gaji da yawon neman aiki, akwai matan aure, akwai kuma yaron tela wanda ya shekara biyar a gindin keke, ya zo neman abin da ubangidansa bai koya masa ba. Karatun kan ɗauki wata uku, ko shida, ko shekara guda. Ana farawa da awo da lissafi, a zana jikin riga a faffaɗar takarda, a yanke, a gwada da akoko a jikin mutum-mutumi, sannan a yarda ɗalibi ya sa almakashi a shadda ko leshi. Wanda ya koyi ɗinki a bakin kasuwa, inda ake ɗora alli kai tsaye a kan yadi, yakan sha mamakin yadda ake shafe makonni ba a taɓa keke ba. Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin buroka duk suna tashi a ɗaki ɗaya. Kowa kuma tallar kansa yake yi da jikinsa, domin abin kunya ne a ga mai koyon zanen tufa cikin ɗinkin wani. Saboda haka shiga aji kanta gasa ce: wannan ta yi wa abaya sabon yanka, waccan ta haɗa atamfa da saƙi, wancan ya rage wa kaftani tsawo har dattijo ya gani ya girgiza kai.

Ƙarshen wannan wahala shi ne bikin yaye ɗalibai, inda kowa zai fito da 'yan tufafin da ya ƙirƙira, a sa wa 'yan talla su yi taku a gaban iyaye da baƙi, sannan a kira sunansa ya fito a tafa masa. A nan ne gizo yake saƙar. Mu ɗauki riga guda daga cikin waɗanda ake tafa wa, irin wadda aka yi da baƙin rini, aka yi mata aikin hannu a ƙirji da salon aska takwas, aka jera mata duwatsu a gefe. Yadin, mai yiwuwa daga marinar Ƙofar Mata ya fito, ko daga hannun wani marini a Kura. Aikin ƙirjin, wata mata ce a cikin birnin Zariya ta yi makonni tana sunkuye a kansa, bayan wani ya zana mata shi da tawada. Duwatsun, wani yaro ne a wani lungu na kasuwar Wuse ya kwana yana manna su. Ba mamaki ma, da lokaci ya ƙure, an kai wa wani tela a Nyanya ya haɗa jikin rigar cikin dare, tun da yake ɗalibai a ko'ina sun shahara da fafe gora ranar tafiya. Da aka kunna fitilu, suna ɗaya aka kira. Bahaushe yana da magana a kan irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Al'adar sa suna a jikin tufa ba daɗaɗɗiya ba ce, ko a Turai. Ana danganta yaɗuwarta ga wani Baturen Ingila, Charles Frederick Worth, wanda ya buɗe gidan ɗinkinsa a birnin Faris a 1858. Kafin zamaninsa maɗinki bara ne, uwar gida ta faɗi abin da take so, shi kuma ya ɗinka. Worth ya juya al'amarin: shi ne zai ƙago fasali, ya sa mata su sanya a gani, mai so ta zaɓa, sunansa kuma yana cikin rigar kamar yadda mai zane yake sa hannu a gindin hotonsa. A Nijeriya ana ambaton Shade Thomas-Fahm, wadda ta yi karatu a Landan ta komo Ikko a 1960, a matsayin wadda ta share wannan fage. Daga wannan tushe ne makarantun Abuja suka gaji tunaninsu, cewa tufa tunanin mutum ɗaya ce, sauran hannuwa kuwa kayan aiki ne.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin darajar tufa ba tare da wannan ƙyalle ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa saƙi da rinin da ake fitarwa daga Kano zuwa wasu ƙasashe ya kai aƙalla na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai shi har Tambutu da Tarabulus. Babu riga ɗaya a cikinsu mai ɗauke da sunan wanda ya saƙa ta. Amma kuskure ne a ce ba su da suna. Sunan gari suke ɗauka, ko na salo: ɗan Kura, da rigar Nufe, da tsamiya, da barage, da aska biyu. Daɗin daɗawa, dillalin riguna yana iya ɗaga riga ya dubi ɗinkinta ya faɗi unguwar da aka yi ta, wani lokaci har gidan. Ke nan sunan yana nan, a bakin kasuwa yake zaune maimakon wuyan riga. Abin da ya faru a zamaninmu shi ne kasuwar ta yi nisa. Mai saye a Abuja ko Landan ba shi da dillalin da zai gaya masa hannun wa ke nan, ɗan ƙyallen nan kaɗai yake iya karantawa.

Ba mu cikin masu ganin cewa sa suna girman kai ne da aka aro daga Turawa. Alherinsa a fili yake. Na farko dai ya ɗaga darajar sana'ar. Shekarun baya, idan yarinya mai digiri ta ce ɗinki za ta yi, gidansu sai an yi zaman makoki. Yau ana buga katin gayyata zuwa bikin yaye ta. Ga mata musamman, suna dukiya ce da ba a raba su da ita, ko aure ya kai su wani gari. Sa'an nan suna yana ɗaure mai shi. Kowa ya san abin da ke faruwa tsakanin tela da jama'a a daren sallah, da yadda alkawarin tela ya zama abin barkwanci a bakin mutane. Wanda ya ɗinka sunansa a riga ya ba da adireshin da za a zo a kama shi idan ɗinki ya warware. Wannan ci gaba ne, kuma ba ma fatan a koma baya.

Matsalar tana ga abin da sunan yake iƙirari. A ganinmu ɗalibi yana ɗibar abubuwa iri uku daga hannun wasu, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake a makarantun ana cakuɗa su a ƙarƙashin kalma guda mai daɗin ji, wai an samo ilhama.

Akwai abin da ya ɗiba daga gado, kamar dagi, da aska takwas, da yankan babbar riga. Wannan rijiyar gari ce, kowa ya zo da gugarsa. Mu da muke nazarin adabi mun saba da irin wannan. Tatsuniya ba ta da mawallafi, kowace tsohuwa tana ƙara mata gishiri. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya ya gina Magana Jari Ce a 1937, kuma duk da muhawarar da manazarta suka sha yi a kan tushen labaran, babu mai musun cewa ya yi musu rigar Hausa wadda ta zauna musu daidai. Ɗalibar da ta ɗauke aska takwas daga ƙirjin rigar sarakai ta mayar da ita bayan rigar amarya ba ta yi sata ba. Iyaka dai ana binta bashin sani: ta san sunan abin, ta san inda ya fito, kada ta tsaya gaban jama'a ta kira shi zanen Afirka kawai, sai ka ce Afirka unguwa ce.

Akwai kuma abin da ya ɗauka daga littafin zanen abokin karatunsa, ko daga hoton wani mai zane da ya gani a waya. Wannan ba ya bukatar dogon bahasi, sunansa sata, kuma ɗalibai da kansu sun san haka, shi ya sa kowa yake rufe littafinsa idan biki ya matso.

Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, watau aikin hannun mutum mai rai wanda aka biya shi. A nan ɗalibi yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Zai ce: na biya ta abin da muka yi ciniki, ba ta nemi suna ba, kuma tunanin nawa ne. Zai ƙara da cewa ana kiran gini da sunan wanda ya zana shi, ba a jera sunayen magina da leburori. Wani ma zai ce matar nan ta Zariya tana cikin kulle, ambaton sunanta a gaban taro cin fuska ne gare ta da mijinta. Duk mun ji. Sai dai mu lura da abu biyu. Misalin gini yana da rauni, domin bulo ɗaya kamar ɗan'uwansa yake, ko wa ya ɗora shi; aikin allura kuwa ba haka yake ba. Abin da idon mai saye ya fara sauka a kai, abin da ya sa aka ninka kuɗin rigar, shi ne ƙirjin nan, kuma da an ba wata mai ɗinkin da ba ta kai ta ba, da rigar ta zama wata riga dabam. Wanda aikinsa yake sauya darajar abu ya wuce matsayin kayan aiki. Abu na biyu, cinikin da ake taƙama da shi an yi shi ne tsakanin wadda ta san nawa za a sayar da rigar a Wuse II da wadda ba ta taɓa jin labarin farashin ba. Yarda ce, amma yardar wanda aka rufe wa ido. Rashin sunan kuwa shi yake tabbatar da cewa idon zai ci gaba da zama a rufe, domin muddin mai saye bai san hannun ba, ba zai taɓa neman sa kai tsaye ba, ita kuma ba za ta taɓa sanin abin da hannunta ya kai ba. Haka abin yake ga matan Bama da rikicin Boko Haram ya kora zuwa Maiduguri, waɗanda suke kwashe makonni a kan hula ɗaya, hular ta bi hannun dillalai har ta isa kan wani babban mutum a Abuja da kuɗin da mai ɗinkin ba ta taɓa riƙewa ba.

Batun kunya da kulle kuwa, maganinsa tambaya. A tambaye ta. In ta ce a sakaya sunanta, sai a ambaci unguwarta ko garinta, kamar yadda kakanninmu suka yi da ɗan Kura. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mai cin ribar shirun ya zama shi ne mai yanke hukuncin cewa shirun ya fi mata alheri.

Muna da wani ma'auni a gida wanda ya girmi Worth da ƙarnoni. A zauren karatu, malami ba ya cewa ilminsa daga sama ya faɗo. Yakan ce na karanta wurin wane, shi kuma wurin wane, har salsalar ta kai inda za ta kai, kuma ambaton malaman ba ya rage masa girma, shi ne ma hujjar girman nasa. Marubuta waƙoƙinmu na ƙarni na 19 da na 20 sukan sa sunansu a baitocin ƙarshe, su sa ramzin shekara, wanda ya yi tahamisin waƙar wani kuwa ba ya ɓoye mai asalin waƙar. Ashe ke nan sa suna ba baƙonmu ba ne. Baƙon shi ne suna tilo, wanda ya tsaya shi kaɗai ba uba ba malami. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta ɗauki yanke salsala a matsayin aibi ga malami, ta ɗauke shi a matsayin wayewa ga mai zanen tufa.

Akwai wani juyi da duniya take yi wa ɗalibin nan tun bai bar makaranta ba. Ranar da ya sa hoton rigarsa a Instagram, kafin mako ya zagayo wata ta nuna wa telanta hoton a waya ta ce irin wannan take so, a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. Kafin wata biyu an yi ankon biki da ita. Sai ka ji shi yana kukan an sace masa fasaha, alhali yaron da ya manna masa duwatsu yana nan a lungunsa ba wanda ya san da shi. Idan kuma ya tafi sanin makamar aiki a wani babban gidan ɗinki, zanensa zai fita da sunan mai gidan, a ce masa ai koyo yake yi. Tsani ne mai hawa-hawa, kowa yana taka na ƙasa da shi yana kukan na sama. Har ƙasashe ma suna cikin tsanin. A 2019 ma'aikatar al'adu ta ƙasar Meziko ta rubuta wa gidan ɗinkin Carolina Herrera takarda tana neman bayanin dalilin amfani da zanen ƙabilun ƙasar a tufafinsa, a 2022 kuma ƙasar ta kafa dokar kare irin wannan gado. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ita ma ta ambaci tufafi da saƙar gargajiya cikin abubuwan al'ada da take karewa. To amma doka tana iya tsawata wa kamfanin waje. Ba ta zama a ɗakin da ɗaliba take ciniki da mai aikin hannu. Mu da za mu fusata idan wani gidan ɗinki a Faris ya kwashi aska takwas bai ambaci Hausa ba, ya kamata mu iya jin irin wannan fushi a madadin matar Zariya idan Abuja ce ta yi mata haka.

Ƙasar Abuja kanta tana da labarin da ya dace a riƙa karanta wa ɗalibai a makon farko. Kafin a yi dokar kafa sabon babban birni a 1976, kafin gwamnati ta taso daga Ikko a 1991, sunan Abuja na garin da yanzu ake kira Suleja ne. A can ne Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, bayan ya ga tukwanen wata mata Bagwariya daga Kwali a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi sana'ar tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta, kamar dubban matan yankin, da irin zanen kada da ƙadangare da kifi da aka gada. Abin da ya bambanta ta da su, bayan gwanintar da Allah ya ba ta, shi ne an buga haruffa biyu, LK, a gindin tukwanenta. Da Cardew ya ga dama, da tambarin cibiyar kaɗai ya fita, kuma da babu dokar da za ta kama shi. Haruffan nan biyu suka bi tukwanen zuwa Landan da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, yau kuma hotonta yana bayan takardar naira ashirin, Murtala Muhammad da ya kafa birnin yana gabanta. Ba mu ce dangantakar Baturen mulkin mallaka da maginiyar ƙauye ta rasa abin dubawa ba. Amma ko a cikin wannan rashin daidaito an samu wuri a gindin tukunya don sunan mai hannu.

Wuyan riga bai fi gindin tukunya ƙunci ba. Makarantar da take koya wa ɗalibi yadda zai lissafa kuɗin yadi da zare da wutar janareta tana iya sa shi ya rubuta, a takardar da zai miƙa tare da kowace riga, wanda ya rina, da wanda ya yi aikin ƙirji, da wanda ya haɗa, da abin da aka biya kowannensu, a kuma ba shi maki a kan haka kamar yadda muke ba ɗalibanmu maki a kan nuna madogara a kundin digiri. Malamin da ya ga an biya mai aikin makonni uku kuɗin da bai kai na hayar fitilun dare ɗaya ba, yana da damar ya yi tambaya. A daren biki kuma, mai sanarwa da yake da lokacin jero sunayen manyan baƙi da muƙamansu ɗaya bayan ɗaya ba zai rasa rabin minti ba na cewa rinin daga Kura yake, aikin ƙirjin kuma na wance ne daga birnin Zariya. Wasu ɗaliban za su ƙi, don tsoron kada abokan gasa su gano inda suke kai aiki su kwashe musu ma'aikata. Tsoron nasu gaskiya ne, domin ranar da mutum uku suka yi sallama a ƙofar matar nan suna neman hannunta, ranar ce kuɗin aikinta zai tashi.